Mota ta mutu ana cikin tafiya, an ce tenshinan taimin cen ne: shi kaɗai za a canza ko duka?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san inji. Motata mai fetur ce, silinda huɗu, kuma taimin cen gare ta, ba bel ba. An ɗan kwana biyu idan na tayar da ita da safe sai in ji ƙara daga gaban inji, kar-kar-kar, na 'yan daƙiƙoƙi, sai ta ɗauke. Da inji ya ɗau zafi shiru kake ji. Jiya ina tafe da iyali a ciki, na sassauta zan sha kwana, sai kawai ta mutu. Fitilun dashbod duk suka kama, sitiyari ya yi nauyi. Allah ya taimaka na gangara gefen titi. Na murza makulli, ta yi kamar za ta tashi, ta yi tari, ta sake mutuwa. Yanzu tana gareji. Makanike ya ce tenshina ne ya saki, a sayo sabo a ɗaura shi ke nan. Wani kuma ya ce sai an canza cen da duk abin da ke tare da shi. Wanne zan bi? Kuma ta yaya ɗan abin da bai cika tafin hannu ba zai kashe inji ana cikin gudu?

Oga Makanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa, Alhaji. Kafin komai, kira garejin yanzu ka ce kada kowa ya sake murza makullin nan, kuma kada a tura ta don ta tashi. Idan cen ya tsallake haƙori, kowane bugun kik ƙarin ɓarna ne. Bayani na biye, amma wannan shi ne na gaggawa.

Baban Walida:
Na kira su, Oga. Sun ce sun gwada tayarwa da safe amma sun bari. Ina sauraro.

Oga Makanike:
To madalla. Ga yadda abin yake. A ƙasan inji akwai karanshaf, shi fistin ke juyawa. A sama, cikin tof silinda, akwai kamshaf, shi ke buɗe bawul ya rufe su. Cen ne ya haɗa su, kuma lissafin ba ya canzawa: karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya. Dole bawul ya buɗe daidai lokacin da fistin ya ba shi wuri, ya rufe kafin fistin ya dawo sama.

Cen ɗin yana da gefe biyu. Gefe ɗaya a miƙe yake saboda shi ake ja, ɗaya gefen kuma sako-sako ne. A wannan gefen tenshina yake zaune, yana tura wata doguwar roba, robar tana danne cen. A cikinsa akwai ɗan sanda da sifirin, amma ainihin ƙarfinsa daga baƙin mai yake zuwa: famfon mai ya turo mai, man ya cika bayan sandan, sandan ya fito. Da yawansu kuma suna da wata 'yar sakata mai haƙora da ke riƙe sandan kada ya koma ciki idan an kashe inji, lokacin da babu ƙarfin mai.

Ƙarar da kake ji da safe, wannan tazarar ce. Mai ya tsiyaye cikin dare, sakatar ba ta riƙe ba, cen yana dukan roba da murfi har sai mai ya hau. Ranar da sakin ya yi yawa, sai cen ya hau kan haƙori ya faɗa na gaba, kamar yadda cen ɗin keke ke yi idan ya saki. Daga nan lissafi ya ɓaci.

Injiniya:
Bari in ɗora a kan bayanin Oga, don a ga cewa haƙori ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. A ce faifan da ke kan kamshaf haƙora 36 gare shi. Kowane haƙori digiri 10 ke nan a kamshaf, wato digiri 20 a karanshaf. Kwamfutar mota tana karanta sensa biyu, na karan (karanshaf) da na kam (kamshaf), tana auna su da juna a kowane juyi. Idan suka saɓa da irin wannan tazara, wuta da fetur ba sa haɗuwa da buɗewar bawul, inji ya rasa ƙarfi. A kan gudu yana iya jurewa da ƙyar, amma da ka ɗaga ƙafa daga totur ya sauko silo, wato ƙaramin juyin da inji ke yi ba a taka totur ba, sai ya mutu. Kuma a silo, inji da zafi, nan ne ƙarfin mai ya fi yin ƙasa. Shi ya sa labarin Baban Walida na mutuwa a bakin kwana bai ba ni mamaki ba.

Abin tsoron shi ne yawancin injinan zamani an ƙera su ne ta yadda wurin da bawul ke sauka idan ya buɗe, nan fistin ke kaiwa idan ya hau. Lokaci ne kawai ke raba su. Haƙori ɗaya, wataƙila a tsira. Uku ko huɗu, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi.

Mai Riwaya:
Ku yi mini afuwa manya, ni dai ban yarda a yanke hukunci tun ba a sa mata kwamfuta ba. Mota na mutuwa a hanya saboda abubuwa da yawa. Sensan karan idan ya fara lalacewa yana ɗaukewa da zafi, mota ta mutu, in ya huce ta tashi lafiya lau. Famfon fetur ma haka. Ita ma ƙarar safe ba kullum tenshina ba ce. A injinan da ke da VVT, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, faifan da ke kan kamshaf yana da ɗan fil da ke kulle shi, idan fil ɗin ya ci sai ya yi irin wannan ƙarar na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na ga an buɗe gaban inji an canza cen, washegari ƙara na nan.

Baban Walida, ka ce su karanto maka lambobin. P0335 na nuna layin sensan karan, P0340 layin sensan kam. Amma idan ka ga P0016 ko P0017, kwamfuta na cewa karan da kam ba sa tafiya tare, to a nan zargin cen ya yi ƙarfi. Ko a hakan ma a duba bawul ɗin mai na VVT tukuna, don idan ya toshe yana kawo lambar.

Oga Makanike:
Gaskiyarka, Malam, ba na ja da kai. A sa kwamfuta, makulli a buɗe kawai ba tare da bugun kik ba. Sannan a cire murfin sama, a juya inji da hannu a hankali ta ɓangaren da yake juyawa, a kawo fistin na ɗaya sama, a duba ko alamomin kam sun zauna inda ya kamata. Idan an ji ya cije, a tsaya, kada a sa ƙarfi. Ido zai raba gardama.

Tsohon Direba:
Ni a ganina duk wannan magana ce ta baƙin mai. Na daɗe ina tuƙa motoci masu cen, har na rabu da su ba a taɓa kwance gaban injinsu ba. Sirrin kawai sabis a kan lokaci da duba sandar mai kowace safiya. Yaran yanzu sai mai ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri suke tunawa da shi. Ramin da mai ke bi ya shiga tenshina ɗan mitsitsi ne, datti kaɗan ya toshe shi. A daina ɗora wa masu ƙera mota laifi.

Injiniya:
Baba, rabin maganarka gaskiya ce kuma ina girmama ta, amma ɗaya rabin akwai gyara. Akwai injinan da tenshinansu tun daga ƙira yake da rauni, ko da mai motar bai taɓa saɓa lokacin sabis ba. Sanannen misali shi ne injin Volkswagen da Audi mai lita 2.0, TSI, na gidan EA888, waɗanda aka yi daga wajen 2008 zuwa 'yan shekarun da suka biyo. Sakatar tenshinan farko tana cinyewa, sandan ya koma ciki bayan an kashe mota, da an buga kik cen ya tsallake. Wasu ko ƙarar gargaɗi ba su ji ba. Masu motoci a Amurka sun kai ƙara a dunƙule, aka yi sulhu a 2018, kuma kamfanin ya riga ya sake fasalin tenshinan. A ƙananan injinansu na 1.2 da 1.4 TSI, gidan EA111, cen ya ba da wahala, kuma injin da ya gaje su, EA211, da bel ya fito daga 2012.

Ba su kaɗai ba. Injin dizal na BMW, N47, wanda ya fito a 2007, ya yi suna da matsalar cen, ga shi an sa cen ɗin a bayan inji ta wajen giyabos, aikinsa sai an sauke inji ko giya. Wannan ba laifin direba ba ne.

Tsohon Direba:
To na ji, ɗana. Amma waɗannan ai tsiraru ne. Sauran fa?

Injiniya:
A sauran kam kana da hujja, har ma zan ƙara maka. General Motors, a injinsu na V6 mai lita 3.6, da cen ya riƙa saki da wuri, cikin matakan da suka ɗauka har da sake saita kwamfutar da ke gaya wa direba lokacin canjin mai, don ta riƙa kira da wuri. Ka ga su ma sun yarda mai na da hannu.

Dalilin kuwa shi ne cen ɗin ƙananan fil ne da 'yan faranti masu yawa. Kowane fil yana ɗan cinyewa kaɗan, idan ka tara cin duka sai cen ya ƙara tsawo. Tenshina ya yi ta fitowa yana bin sa har ya kai ƙarshen tafiyarsa, daga nan ba shi da sauran abin yi. Injinan fetur masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna tara baƙin toka mai laushi a cikin baƙin mai, ita kuma tana goge fil ɗin. Saboda haka ne ma'aunin mai na API SP da ILSAC GF-6, da suka fara aiki a 2020, aka sa musu gwajin cin taimin cen, abin da babu a ma'aunan baya. Wanda ke da irin wannan injin ya duba bayan galan ya ga alamar, kuma ya bi kaurin man da littafin motar ya ce. Zuba mai mai kauri don a kashe ƙara ba magani ba ne. Da sanyin safiya ya fi jinkirin isa tenshina.

Maman Sadiq:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyali na cikin motar. Ina kai yara makaranta kullum. Idan ta mutu mini a tsakiyar titi me zan yi? Birki zai kama kuwa?

Oga Makanike:
Hajiya, birki zai kama, amma ki san wannan. Abin da ke sa birki laushi iska ce da inji ke zuƙa, kuma idan inji ya mutu akwai ragowar da za ta ishe ki taku ɗaya ko biyu. Kada ki yi ta famfa shi, za ki ƙarar da ita. Ki taka sau ɗaya ki riƙe. Idan ya yi tauri, ki taka da duk ƙarfinki, zai tsayar da motar. Sitiyari zai yi nauyi amma yana juyawa, ki kama da hannu biyu. Ki kunna fitilun haɗari, ki mayar da giya firi don motar ta gangara, ki nufi gefe. Kada ki zare makulli ko ki murza shi baya gaba ɗaya motar na tafiya, sitiyari na iya kullewa. In kin tsaya, ki fitar da yara ta gefen da babu motoci.

Sannan idan kafin ta mutu kin ji ƙarar ƙarfe, ko kin buga kik sau ɗaya kin ji yana juyawa da sauri fiye da yadda kika saba, wii-wii babu nauyi, ki bar ta haka a jawo ta. Wannan saurin na nufin silinda ba sa riƙe iska.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Oga. Allah ya saka da alheri. Maganar famfa birkin nan da ban sani ba.

Mai Tasi:
Mu dawo kan tambayar Alhaji. Ni ina bayan makaniken farko. Abin da ya lalace shi ake canzawa. Na taɓa canza tenshina kaɗai a motata, ƙara ta ɗauke, har yau ina aiki da ita. Wasu masu gyara so suke aiki ya yi girma kawai.

Oga Makanike:
Ɗan'uwa, ban ƙaryata ka ba, amma halin motarka daban da na tasa. Kai ka canza tun cen bai tsallake ba. Idan an kama abin da wuri, aka auna aka ga cen bai ƙara tsawo ba, robobi ba su ci ba, to tenshina kaɗai ya isa, musamman a injinan da ake zare shi ta waje ba sai an kwance murfin gaba ba. Hasali ma a irin injin EA888 da Injiniya ya ambata akwai ɗan marfi a jikin murfin da ake cirewa a leƙa a ga wane irin tenshina ne a ciki da kuma nisan da sandansa ya fito.

Amma cen da ya riga ya hau kan haƙori ya sha wuya. Haƙoran faifan sun ji jiki, robobin sun sha duka. Na sha buɗe irin wannan in tarar da robar ta tsage gida biyu, cen ya yi mata kwari har ya kai ga ƙarfe, gutsattsarinta kuma sun gangara kaskon mai sun manne a rariyar famfo. Ka ɗaura sabon tenshina a kan wannan, rariya a toshe, mai ba ya hawa, me ka yi? Kuma wahalar aikin duk a kwancewa take. Tunda an buɗe, a sa cen, robobi, tenshina, faifan haƙora idan sun ci, da sil na gaban karan, a sauke kaskon mai a wanke rariya. Aiki ɗaya, a rufe.

Mai Tasi:
Idan har robar ta fashe kam na sallama. Amma a nuna wa mai mota da idonsa kafin a ce ya sayo.

Oga Makanike:
Wannan haƙƙinsa ne. Duk wanda ya ƙi nuna maka tsohon kayan da ya cire, ka yi hattara da shi.

Baban Walida:
Ga abin da aka samu. Kwamfuta ta nuna P0016 da P0300, wannan ta biyun wai silinda ba sa cin wuta daidai. An buɗe murfin sama, alamar kamshaf ɗin shigar iska ta goce da haƙori biyu. Sandan tenshinan da yatsa ake tura shi ya koma ciki, ba ya riƙewa ko kaɗan. Robar gefe ɗaya ta karye a sama. Yanzu makaniken da kansa ya ce a canza duka. Tambayata, ta yaya zan san ko bawul sun lanƙwashe ba tare da an sauke tof silinda ba?

Injiniya:
Alhaji, kada a yi gwajin matsi da kik yanzu, tunda taimin a goce yake. Sakamakon zai yi ƙarya kuma ana iya ƙara ɓarna. Hanya biyu ce. A cire fulogi a zura 'yar kyamara a duba saman fistin. Idan bawul ya dake shi za a ga tabo mai sheƙi a cikin baƙin da ke kai. Ta biyu ta fi tabbas: bayan an mayar da taimin daidai, a kawo kowane fistin sama bawul a rufe, a hura iska ta ramin fulogi, a saurara. Iska na fita ta wajen shigar iska, bawul ɗin shiga ne. Tana fita ta salansa, na fita ne. Ta ramin zuba mai, ringi ne. Idan duka huɗun sun riƙe, ka tsira, a rufe inji. Idan ɗaya ya zubar ta bawul, sai an sauke tof, kuma kada a yarda a buga bawul a miƙe shi, sabo ake sawa, a duba hanyar da yake bi ko ta tsage.

Ɗan Koyo:
Oga, don Allah ina da tambaya, ni ina koyon aikin ne. Wajen ɗaura sabon cen, me ya fi kawo kuskure?

Oga Makanike:
Yaro, ka yi tambaya mai kyau. Na farko, aiki da ido kawai a injin da ke buƙatar ƙarafan kulle kam da karan. Wasu injinan faifansu ba shi da kiya, wato ɗan ƙarfen da ke shiga tsagi ya hana shi gocewa, ƙarfin noti ne kaɗai ke riƙe shi, in ba ka kulle ba zai goce ba ka sani ba. A waɗanda ke da alama, sabon cen yana zuwa da 'yan faranti masu launi, kowanne ya zauna a kan ɗigon faifansa. Sabon tenshina yana zuwa a danne da fil. Kada ka zare fil ɗin sai komai ya zauna an ɗaure robobi. Bayan ka zare, ka juya karan da hannu zagaye biyu cikakku, ka sake duba alamomin kam da karan. Kada ka jira faranti masu launi su dawo wurinsu bayan zagaye biyu, ba za su dawo ba sai bayan juyi da yawa, wannan na ruɗa masu koyo. Kada kuma ka juya inji baya, gefen da ke miƙe zai saki.

Sai gam. Ka sa silikon siriri yadda littafi ya ce. Wanda ya yi yawa yana matsowa ciki, ya gutsure, ya bi mai ya toshe ramin tenshinan da ka sa yanzu. Kafin tayarwa ta farko, sabon mai da sabuwar filta, ka cire fiyus ɗin fetur ka buga kik har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar ka tayar.

Tsohon Direba:
Filtar nan ma a kula da ita. Mai kyau tana da 'yar roba a ciki da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji. Ta jabu ba ta riƙewa, kowace safiya inji a bushe yake tashi. Araha ba ta ado. Kuma mai giyar hannu da ya saba barin mota a giya a kan gangare ba tare da ya ja birkin hannu sosai ba, motar na ɗan motsawa ta juya inji baya. In tenshina mai rauni ne, nan ma cen na iya tsallakewa.

Maman Sadiq:
Tawa takan yi 'yar ƙara da safe amma ba kullum ba, sai ta kwana biyu ba a tayar ba. In damu?

Mai Riwaya:
Hajiya, ki fara duba sandar mai, ki tuna yaushe aka yi sabis da wace filta aka sa. Sannan gobe da safe, kafin kowa ya tayar da ita, ki buɗe bonet ki sa waya ta ɗauki sautin, wani ya murza makulli. Ki kai wa mai gyara ya ji, domin in kin isa gareji inji ya riga ya yi zafi ba zai ji komai ba. Ki ce ya sa kwamfuta ko da fitilar cek ba ta kama ba. A motoci da yawa tana nuna digirin da kam ya goce daga karan, kuma ana ganin lambar na ƙaruwa tun kafin fitila ta kama. Idan ƙarar ta fara tsawo, ko ta koma kullum, ko kika ji ta inji da zafi a silo, ki ajiye motar har sai an buɗe an duba.